Murhun da Anka Shafa wa Farar Ƙasa

Ɗan fari ne, saboda haka ba za ku ji sunansa a bakina ba. Tun yana goye ban taɓa kiransa da shi ba, ba kuwa yanzu da haƙora sunka zube zan fara ba. Mai goro nake ce masa, don fataucin goro yake yi tsakanin Gwanja da Sakkwato.

Ni kuwa fura nake sayarwa a zango. Ba zangon da kunka sani yanzu ba. Wancan fili ne babba a bayan kasuwa, kusa ƙwarai, kana tsaye cikinsa kana jin saran mahauta. Tsamiya biyu, rijiya ɗaya a gangare. Duk ayarin da ya shigo gari nan yake sauke kaya. Azbinawa masu gishiri suna can gabas, don raƙumi ba ya shiri da jaki. Kabawa masu shinkafa da busasshen kifi suna kusa da rijiya. Masu goro suna gindin tsamiya, don goro ba ya son rana. Ba wanda ya zana wa kowa iyaka. Murhu ne iyakar kowa.

Ga yadda abin yake. Kowane bafatake da ya saba sauka yana da duwatsu uku nasa, inda yake ɗora tukunya. In ya tashi tafiya, sai ya bar su a wurin da tokarsu. Baƙo na iya shimfiɗa buzunsa kusa da su, ya ɗaure jakinsa, ya kwana goma in ya so, amma ba ya ɗora tukunya a kansu, ba ya kuma gusar da su ko da taki ɗaya. Muddin duwatsun suna nan, mai su yana cikin masu rai, tafiya ce dai ta yi nisa. Ran da mutuwarsa ta tabbata daga bakin wanda ya ga an binne shi, sai danginsa su zo su hura wuta a kansu sau ɗaya, su dafa tuwon sadaka, sannan a ɗauke su wani ya kafa nasa. Wasu malamai na cewa al'ada ce kawai, ba ta cikin littafi. To, na ji. Amma ban taɓa ganin malamin da ya sa ƙafa ya ture murhun mutum ba.

Mai goro ya tafi da ayarinsu, ayari ya dawo babu shi. Sunka ce a wata mashigar kogi ya rabu da su, ya bi wasu mutane zuwa wata kasuwa ta gaba. Ba wanda ya ce ya ga gawa. Ya bar mini matarsa a gida da jaririya a baya. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, wata ta zo. Jaririya ta yi ƙafa, ta yi baki, ta koyi satar gayan fura a ƙwaryata.

Uban matar manomin shinkafa ne a wani ƙauyen fadama. Kowace kaka sai ya zo da ɗan buhunsa, ya zauna a zaure yana gyaran murya.

"Gwaggo, yarinya na tsuhwa ɗakin da ba miji."

"Malam, miji na da murhu a zango. Tahi ka duba."

Ya je ya duba, ya dawo. A shekara ta uku ne ya ɗaure magana gaban mai zango, wato tsohon da ke kula da filin. Ya ce, "Muddin murhunai na nan, ba ni kai zance gun alƙali. Ran da anka ɗauke shi, ni ma in ɗauki ɗiyata da 'yar da ke biye da ita." Na ce na yarda. Me zai hana in yarda? Tunda nake ban taɓa ganin an ɗauke murhun mai rai ba.

Kullum da safe ta nan nake bi da ƙwaryata a ka. Ba na tsayawa, ba na kallonsa ido da ido, uwa ba ta nuna irin wannan a kan ɗan fari. Sai dai in kashin jaki ya faɗa tsakanin duwatsun, in sa gefen ƙafa in kawar kamar tuntuɓe na yi. Na san su kamar yatsuna. Ɗaya jar marmara ce mai rami-rami. Ɗaya mai faɗin kai ne kamar kwaɗo ya tsuguna. Na uku baƙi ne sumul, shi ya ɗauko shi daga hanyar Gwanja, yana wasa wuƙarsa a jikinsa har ya yi masa kwari mai tsawon yatsa.

Shekarun can Nasara ba su daɗe da zama ba, ba mu gama gane abin da ke shiga kansu ba. Ni har yau ban gama ba. Ƙanwata ta haihu a wajen Gidan Dare, na je na kwana biyu ina ɗora mata ruwan wanka. Kwana biyu kawai. Ran na uku na ɗauki ƙwaryata na nufi zango, na tarar babu zango.

An share filin tas kamar za a shanya gero. An kori fatake zuwa bayan ganuwa. An kakkafa rumfuna a jere, an ja igiyoyi. Wai wani Bature ne mai kula da noma ya zo, za a yi nunin amfanin gona: kowa ya kawo audugarsa da shinkafarsa da fatar jar akuya da bijiminsa a jera, shi ya bi yana dubawa, wanda nasa ya fi a ba shi fartanya ko turmin zane. Kamar kasuwa ba ta nan kusa tana wannan aikin tun kafin a haifi kakansa.

A tsakiyar fili kuwa, gindin tsamiyar masu goro, ga mota. Ita ce ta biyu da na taɓa gani, kuma ba irin ta fari ba ce. Wannan ɗaki gare ta a baya, na katako da tamfol, da 'yar taga da 'yar matakala. Ta ƙofa kana hango gado da tebur da tasar wanke fuska. Mutumin nan 'yan uwansa na da gidaje a bayan gari, da inuwa da masu yi musu fifita. Bai sauka can ba. Ya ga dama ya kwana cikin keken ƙarfe a tsakiyar zangonmu, ya fito da safe ya zauna kan kujerar da ake naɗewa yana shan ruwan zafi, jama'a na kallonsa kamar an kawo kura.

Duk wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsayar da ni, hanya ce da anka yi tun daga bakin kasuwa har ƙofar motar, an jera mata duwatsu dama da hagu, farare fat. An kewaye tsamiya da su. An kewaye sandar tuta. Har ɗan shingen da anka yi masa na bayan gida an kewaye shi da su. Na tsaya ina tunanin ina anka samo duwatsu haka a filin da ba dutse. Sai na tuna da duwatsun murhu.

Na ajiye ƙwarya na je inda murhunsa yake. Ƙasa ce shararriya.

Na samu mai zango zaune bakin rijiya, an ba shi sabuwar hula.

"Ina duwatsun mutane?"

"Inna, sannu da dawowa. Ya mai jego?"

"Ina duwatsun mutane, na ce."

"Waɗanda ke nan sun ɗauki nasu sun hita da su. Na waɗanda ba su nan kau, lebura sunka tsince. Bature na son hanya ta yi kyau."

"Kai kana ina?"

"Mi zan ce, Inna? In ce ma Bature dutse na da mai shi?"

"Awo! Abin da za ka ce ke nan. Don shi anka aje ka nan, ba don hula ba."

Ya sunkuyar da kai. Shekara nawa mutumin nan yana cin goron fatake da gishirinsu, ran da za a ga amfaninsa sai ya zama kurma.

Na ɗaure zane na shiga jerin. Allah ya taimake ni lebura malalata ne, saman kawai sunka shafa wa farar ƙasa, ƙasan yana nan da baƙin hayaƙinsa. Na riƙa bi a duƙe ina juya su ɗaya bayan ɗaya. Ashe ba nawa kaɗai na sani ba. Ga na wani Bakabe mai tari da ake jiransa bayan salla. Ga na wani Ba'azbine da ya yi shekara biyu bai zo ba. Ga na wasu 'yan uwa biyu masu kanwa, an raba su, ɗaya a bakin kasuwa ɗaya a bakin bayan gida. Mutane masu rai, suna can kan hanya da jakunansu, an kwashe su an cakuɗa an shafa musu fari don wani ya taka tsakaninsu da takalmi.

Kafin azahar na samu jar marmarar. Da la'asar na samu kwaɗon. Na sa su cikin kwando na rufe da faifai. Na uku na bi jeri sau biyu ban gan shi ba. Ina miƙewa in dafe ƙugu sai idona ya faɗa ƙarƙashin motar. Ga shi can an cusa shi bayan ƙafar baya don kada ta gangara. An shafe shi fari, amma kwarin wuƙar yana kallona.

Ban kai gare shi ba wani lebura ya riƙe kwandona. Wai na yi wa hanyar Bature giɓi. Anka kai ni gaban tafinta, wani mai riga da aljihu a ƙirji, ba mutumin ƙasar nan ba ne amma Hausarsa ta fita. Shi kuma ya kai ni gaban mai motar. Ban durƙusa ba. Na faɗi zancena tun daga farko: mene ne murhu, wane ne mai shi, alkawarin da ke tsakanina da uban yarinya, matar mai goro. Gaskiya ɗaya zan faɗa game da tafintan nan, bai yanke mini magana ba, ya daɗe yana mayarwa da Turanci. Baturen ya saurara, yana kaɗa kai, har ya cire lofen tabarsa daga bakinsa. Na ce a raina, to, ashe akwai mutum a ciki.

Sai ya yi murmushi, ya buɗe hannu ya nuna jerin gaba ɗaya.

Tafinta ya ce, "Inna, kin yi sa'a. Ya ce ya ji tausayinki ƙwarai. Ki riƙe biyun nan. In an watse kuma ki zaɓi duk wanda kike so, ki ɗauki uku, ki ɗauki goma. Ya ce a ba ki manya masu kyau."

Na dube shi. Na dubi ubangidansa.

"Tambaye shi, in ɗansa ya ɓace, a tara mai yaran gari a ce shi zaɓi goma?"

"Wannan kam ba zan mayar ba, Inna."

"To ce mai wancan nike so, na ƙarƙashin ƙahwar."

"In an zare shi mota ta gangara rijiya."

"A sa wani. Ga su nan kamar ƙasa."

"An riga an ba ki amsa. Ba a tambayar Bature sau biyu."

Da zagina ya yi, da na san inda zan ajiye shi. Kyauta ya yi mini. Ya koma kan kujerarsa yana ganin ya yi aikin lada, fuskarsa har sheƙi take yi. Wannan murmushin shi ne abin da ban haɗiye ba har yau.

Uban yarinya kuwa yana cikin filin. Ya kawo shinkafarsa nuni, ya kafa 'yar bukkar kara a gefe tare da mutanen ƙauyensu. Ya riga ni ganin shararriyar ƙasar. Ya same ni ina fitowa.

"Gwaggo, an ɗauke murhu."

"Sata anka yi, ba ɗaukewa ba. Wa ya dahwa tuwon sadaka? Ka ci?"

"Ni dai ban ga komi wurin ba."

"Ka jira a watse."

"Kwana ukku ne. In an watse in zo in gani da idona. Ukku na sani, baƙaƙe."

Kwana ukun nan a gefen motar na yi su. Da hantsi in zo in ajiye ƙwarya daidai inda nake ganin dutsen, in zauna har rana ta faɗi. Na ji tsoron kada wani ya ga ya yi kyau da wasa wuƙa ya zare shi. Lebura sunka kore ni, na matsa taki biyu, sunka juya na dawo. Masu sayen fura kuwa sunka samu abin yi.

"Inna, an ce mota ta aiko da kayan toshi?"

"Ta aiko. Ta ce a gaida uwarka, ita ma tari take kamar ita."

Wata mai daddawa, sa'ata, ta tsuguna kusa da ni ta rage murya. "Ke kau, ɗan hwari ne hwa. Gari duk ya gane don wa kike zaune. Ina alkunya?"

Na ce, "Alkunya na nan. Kin ji na kira sunanai?"

Amma ta taɓa ni. Shekara talatin da wani abu ina kawar da kai in ya shigo ɗaki, ina miƙa masa tuwo ta hannun wani. Ga shi Bature ya zaunar da ni tsakiyar kasuwa kowa na karanta abin da ke cikina.

Nuni ya ƙare. Uban yarinya har fartanya ya samu. Da safen tashi direba ya shiga gaban motar yana juya wani ƙarfe, ta yi tari ta mutu, ta yi tari ta mutu. Anka kira lebura su tura. Na miƙe ina cewa a cire dutsen tukuna, a miƙo mini abina, ba wanda ya ji, kowa na ihu da bakinsa. Sunka tura ta gaba kaɗan, ta fi ƙarfinsu, ta dawo baya da nauyinta duka ta haye shi. Na ji ƙarar har cikin haƙorina. Sannan ta kama, ta yi hayaƙi, ta bi farar hanyarta ta tafi. Baturen ya ɗaga mini hannu ta taga.

Dutsen ya rabu biyu. Kwarin wuƙar yana jikin rabi ɗaya.

Na kwashe su na kai bakin rijiya. Na dirje su da yashi da soso har yatsuna sunka fashe. Farar ƙasa ta shige ramukan marmarar ta ƙi fita, ta kuma cinye baƙin hayaƙin da ke sama, sai sunka zama wani iri, fari-fari toka-toka. Mai daddawa ta ce, "Ɗan kara kaɗan za ki hura musu, yanzu su yi baƙi. Wa zai sani?"

Ni zan sani. Wutar da dangi ke hurawa kan murhun bafatake ɗaya ce, ta sadakar mutuwa. In hura ta da hannuna don in tabbatar wa mutane yana raye? Na ce mata ta tashi ta ba ni wuri.

Na gane gurbinsa da saiwar tsamiya. Na tona da yatsa har na tarar da tsohuwar toka a ƙasa, na kafa su yadda suke, na haɗa rabi da rabi. Da azahar uban yarinya ya zo, da sabuwar fartanyarsa a kafaɗa, da mai zango, da ita yarinyar a lulluɓe, jikata na riƙe da gefen zanenta.

Ya kewaya su sau ɗaya.

"Gwaggo, murhu ukku na sani. Ni huɗu nike gani."

"Mota ta taka shi, gaban jama'a."

"Baƙaƙe na sani. Wa'annan kamar an tsamo su daga gari. Filin ga cike yake da irinsu, kowa na iya tsintar huɗu shi jera." Ya juya ga mai zango. "Nasa ne?"

Tsohon ya taɓa hularsa. "Wallahi duwatsu sun yi yawa, ido kuma ya tsuhwa."

Na ce, "Ga wadda ta sani. Kahin shi tahi ita ke kawo mai tuwo nan, tana tsaye yana wasa wuƙa. Ɗiyata, duba."

Ta tsuguna. Ina kallon hannunta, ni ba abin da ke wuce ni. Ba ta taɓa marmarar ba, ba ta taɓa kwaɗon ba. Kai tsaye yatsanta ya tafi cikin kwarin, ya bi shi daga farko har ƙarshe, ya dawo, ya tsaya. Ta daɗe a haka.

Ubanta ya ce, "Na mijinki ne?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ban sani ba, Baba."

Ta sani. Ta kuma san na ga ta sani. Na buɗe baki, sai na ga bayan wuyanta, yadda ya rame, yarinyar da anka kawo mini da kumatu. Damina uku tana kwana ita kaɗai tana jin tarina ta bango. Da murhun yana nan baƙi yadda yake, ba za ta iya cewa haka ba, ba za ta ma so ba, da mun ci gaba da jira tare. An buɗe mata ƙofa ne, ta bi. Na rufe bakina.

Washegari sunka tafi. Jikata na kan jaki da gayan fura biyu a hannu, ɗaya na ba ta, ɗaya ta sata.

Zangon bai koma yadda yake ba. Fatake sunka riƙa dawowa suna tarar da babu murhunsu. Bakaben nan mai tari ya iske har an yi masa kukan mutuwa a gida, don an ji an ɗauke murhunsa. Anka yi ta rigima kan gurbi, daga baya kowa ya riƙa tafiya da duwatsunsa a mangala, ko ya tsinci na tsinta. Yanzu in ka faɗa wa yaro dutse na da mai shi sai ya yi maka dariya.

Matar mai goro ta sake aure can fadama, ta haifi shida. Kowace kaka tana aiko mini da shinkafa, ina kuwa ci. Ita ban riƙe ta a zuciya ba. Mai zango ya mutu, na je gaisuwa, iyakar abin da zan iya ke nan. Amma wancan da ya ce in ɗauki goma, ko sunansa ban sani ba balle in san inda zan kai ƙararsa, shi kuwa na tabbata ya mutu yana ganin ya taɓa yi wa wata tsohuwa alheri a Sakkwato.

Duwatsun suna ɗakina bayan randa, huɗu, da sauran farin a ramukansu. Har yau ba wanda ya zo ya ce mini ya ga an binne mai goro. Na faɗa wa mutanen gidan nan, kuma ina so a rubuta yadda na faɗa: ko itace ya ƙare a duniya, ko murhun tsakar gida ya rushe, kada wadda ta ɗora tukunya a kansu.